Godiya ga masu gyaran tandar gas da ke titin Old Abeokuta, Agege

Assalamu alaikum.

Godiyar da na yi wa Injiniya da yaransa biyu a bakin shago ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a.

Ina da ɗan gidan burodi a nan Agege. Tandata tsohuwa ce, tokunbo, wato kwancen ƙasar waje, na gaje ta a hannun maigidana da ya koma Kano. A gindin babban murhunta akwai 'yar wutar nan da ke ci ba dare ba rana, wadda masu gyara ke kira failot. Bayan ƙaramar Sallah ta fara mana gardama: ka danna maɓalli ka kunna, kana sakin hannu ta mutu. Wani mai gyara da muka kira ya ɗaure maɓallin da waya, ya ce an gama. Wata biyu muna gasa burodi a haka, ina ta murna wai mun huta.

Ran nan da asuba babban yarona ya shiga zai duba kwaɓi, warin gas ya buge shi tun daga ƙofa. Failot ta mutu cikin dare, gas na ta tsiyaya, ga yara uku kwance a kan buhunan fulawa. Allah ya taimake mu bai ƙyasta ashana ba, bai taɓa makunnin lantarki ba. Ya rufe tukunyar gas, ya buɗe ƙofofi, ya tashe su. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, domin iyayensu amana suka ba ni.

Injiniya, ko awa biyu ba a yi da kiranku ba kuka iso. Ba na manta yadda kuka tsaya kuna kallon wayar nan, ba ku ce uffan ba, sannan kuka kwance ta kuka ɗora mini a tafin hannu. Da Hausarku ta 'yan Agege kuka ce, "Alhaji, maigadi aka ɗaure."

Daga nan kuka tsuguna kuka nuna mini maigadin. Wata 'yar sanda ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, tamokopul, bakinta na cikin harshen failot. Zafi ne ke sa ta ba da lantarki ɗan mitsitsi, kamar milibolt 25 zuwa 30 in tana da lafiya, shi ke riƙe maganaɗisun da ke cikin bawul, wato ƙofar gas, ya bar gas ya wuce. Wuta na mutuwa sai sandar ta huce, maganaɗisu ya saki, bawul ya rufe da kansa. Tawa da kuka gwada a mita ko 10 ba ta kai ba. Ashe mutuwar da failot ke yi ba taurin kai ba ne, tandar ce ke ƙin sakar mana gas babu mai tsaro. Shekara da shekaru ina cin abinci da ita, babu wanda ya taɓa zama ya fahimtar da ni wannan.

Kun sa sabuwar sanda. Ramin failot da ya toshe, har wutar ta koma rawaya tana lilo, iska kuka hura masa, kuka hana yarona tsokana shi da allura don kada ramin ya buɗe. Wuta ta dawo shuɗiya, ta lulluɓe bakin sandar. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne gwajin ƙarshe: kuka hure failot da gangan, kuka ce kowa ya yi shiru, kuna duban agogo. Minti ɗaya bai cika ba muka ji ƙas! Bawul ya rufe. Sai da kuka maimaita sau uku.

Ban ce ku duba tiyo ba, amma kuka bi shi da kumfar sabulu har kuka gano yoyo kusa da regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin gas. Kuka kuma sa na fasa tagar iska ƙasa-ƙasa, tunda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, daidai inda yarana ke sa kai. Mu da muka ga abin da gobarar gas ta yi a Baruwa ta Ipaja a Oktoban 2020 bai kamata a ce sai an tuna mana ba, amma ni dai sai da kuka tuna mini.

Na zaci za ku ce in sayi sabuwar tanda. Ba ku ce ba, kuma duka kuɗin bai kai na buhun fulawa ɗaya ba.

'Yan'uwana masu gidajen burodi da gidajen abinci a Agege, Mile 12 da Idi-Araba, duk wanda aka ɗaure wa maɓalli da waya ko aka tokare shi da tsinke, ya same ni in raka shi shagon nan da ƙafata.

Injiniya, Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare ku da yaranku. Wayar nan na rataye ta a jikin bangon tanda. Ina jiranku kafin azumi, ku sake dubawa kamar yadda muka yi alkawari.

Naku,
Mai gidan burodi, Agege, Legas