Ku kira ma'aikaci ma, ba masani kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina rubuto muku ne raina a ɓace kan shirinku na daren Lahadi. Baƙon da kuka kawo ya shafe kusan rabin awa yana nanata cewa ƙungiyoyin ƙwadago ne ke jawo tsadar kaya a Amurka, su ne ke kashe kamfanoni, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake yi. Ko tambaya ɗaya mai zafi bai yi masa ba. Kuma duk faɗin Amurka kun rasa ma'aikaci guda da za ku bugawa waya?

To ni ga ni. Shekara shida ke nan ina aiki a wani katafaren sito na tattara kaya a bayan garin Atlanta. Awa goma a tsaye. Akwai na'ura a hannuna da ke ƙirga kowane kwali da na ɗauka, in na tsaya na 'yan mintoci sai ta kai rahoto. La'asar a bayan tarin kwalaye nake yin ta, a gurguje, zuciyata na kan agogo. Gwiwata ta hagu ta fara ciwo tun bara, amma na kasa barin aikin, don inshorar lafiyar iyalina a jikinsa take. Na bar shi, magani ya tsaya.

Da muka fara maganar kafa ƙungiya, ba yajin aiki muka ce ba, katin neman shiga ƙungiya kawai muke rabawa a wurin ajiye motoci. Cikin mako biyu aka kawo wasu mutane masu kwat, aka tara mu a ɗakin taro, aka kunna mana bidiyo wai ƙungiya kuɗinmu za ta cinye. Wata abokiyar aikinmu 'yar Honduras, uwar yara uku, ita ce ta fi kowa ƙwazo a rabon katin. Ran nan aka ce ta yi lattin minti bakwai, aka karɓe katinta na shiga wurin aiki a bakin ƙofa. Na gan ta da idona tana tafiya mota da robar abincinta ko buɗewa ba ta yi ba. Daga ranar kowa ya kama bakinsa.

Wannan ce ƙungiyar da baƙonku ke cewa ta fi ƙarfin kamfani? A 1983 ma'aikaci ɗaya cikin biyar ne ke cikin ƙungiya a ƙasar nan. Yau ɗaya ne cikin goma, a kamfanoni masu zaman kansu ma wajen shida cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, haya kuwa ba ta jira kowa ba. Da ya kawo yajin aikin UAW, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci, na 2023 a matsayin misali, me ya hana shi faɗin cewa 'yan makonni bayan an sasanta, kamfanin General Motors, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa yajin, ya sanar da ware dala biliyan 10 don sake sayen hannun jarinsa? Ashe kuɗin akwai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ya kuma ce 'yan siyasa ba sa shiga tsakani. A Afrilun 2024, da ma'aikatan Volkswagen a Chattanooga, tafiyar awa biyu daga nan, za su kaɗa ƙuri'a, gwamnoni shida na kudu, har da namu na Jojiya, suka fitar da sanarwa suna gargaɗin kada a shiga ƙungiyar. Ma'aikatan suka shiga da kashi 73 cikin ɗari. Mun ji daɗin labarin nan a sito ƙwarai, amma a raɗa muka yi murnar.

Wani abu kuma: kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai ya fi muryar mai karatu ƙarfi. A mota nake sauraro in na taso aiki, rabin maganar ba na ji. Sau biyu na aiko saƙo ta WhatsApp, shiru. Don Allah a rage shi.

Hutuna ranar Talata ne. In kuna son jin ta bakin ma'aikaci, ku kira ni.

Mai sauraronku,
daga Atlanta, Amurka