Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni wane tunani ne ya fi cutar da duniya

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A ƙarshen laccar da na gabatar kwanan baya ka miƙe cikin jama'a ka tambaye ni wane ra'ayin falsafa ne ya fi yi wa wayewar ɗan Adam ɓarna, ka kuma ce a ganinka bai wuce musun samuwar Allah da kwaminisancin da ya biyo bayansa ba. Lokaci ya ƙure, na yi alkawarin rubutowa. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Ni wanda na sa a gaba shi ne tunanin da ke cewa mutane hawa-hawa ne tun daga halitta, wasu cikakkun mutane, wasu kuma ba su kai ba, don haka ana iya mallakarsu ko rage yawansu ba tare da an yi laifi ba. Kwaɗayi da zalunci sun girmi kowane masanin falsafa, wannan na yarda. Amma azzalumi yana da kunya, yana da zuciya mai hana shi barci. Aikin wannan tunanin shi ne cire masa kunyar, ya gaya masa abin da yake yi daidai ne, ilimi ma ya tabbatar. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a tarihin nan manyan masana sun yi fadanci ƙwarai.

Aristotle, wanda malaman Larabawa ke kira Malami na Farko, ya rubuta cewa akwai mutanen da bayi ne a ɗabi'arsu, kuma bautar ta fi musu alheri. Kusan shekara 1,900 bayan haka, a 1550, sarkin Sifaniya ya tara malamai a birnin Valladolid don a yanke ko ya halatta a yaƙi mutanen asalin nahiyar Amurka a bautar da su. Juan Ginés de Sepúlveda ya miƙe da hujjar Aristotle a hannunsa ya ce ya halatta. Bartolomé de las Casas, wanda ya ga kisan da idonsa, ya shafe kwanaki yana karanta martaninsa. Ka lura da abu ɗaya: duka biyun Kiristoci ne masu imani. Kuma kada mu yi saurin nuna yatsa, domin a duniyar Musulmi ma an yi ta yawo da tatsuniyar la'anar Ham, ɗan Annabi Nuhu, ana halatta bautar da baƙar fata, har Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa wajen 1615 yana cewa launin jiki ba hujjar bautar da mutum ba ne. Shi ya sa ban karɓi amsarka yadda ka kawo ta ba. Wannan cutar ta kama masu addini, ta kama marasa addini.

Da zamanin da Turawa ke kira na wayewa ya zo, sai aka canza wa tunanin riga. David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya ƙara wata 'yar manuniya a ƙasan rubutunsa a 1753 yana cewa yana zargin baƙar fata ƙasa suke da farare a halitta, wai ba a taɓa samun haziƙi cikinsu ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekara 19 kafin nan, a 1734, Anton Wilhelm Amo, wanda aka ɗauko yana yaro daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana, ya kare digirinsa na falsafa a Wittenberg, ya kuma koyar a jami'o'in Halle da Jena. Hujjar ta rayu ta karantar a Jamus, ba a duba ba. Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ya tsaya a Berlin ya ce Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Ana wannan rubuce-rubuce jiragen ruwa na ta lodi, har aka kwashi mutum kusan miliyan 12 da rabi zuwa ƙetaren Atlantika.

A ƙarni na 19 rigar ta koma ta kimiyya. Herbert Spencer ya ɗauki nazarin Darwin kan halittu ya shimfiɗa shi kan al'umma, cewa mai ƙarfi ne ya cancanci wanzuwa. Shi Darwin ya tsani bauta, ya kamata a faɗa, amma ɗan'uwansa Francis Galton ne a 1883 ya raɗa wa ilimin "gyaran iri" suna, wato hukuma ta zaɓi wanda zai haihu da wanda za a hana.

Bari in nuna maka yadda wannan yake idan ya sauka kan mutum ɗaya. A jihar Virginia ta Amurka akwai wata yarinya, Carrie Buck, 'yar riƙo. Wani ɗan'uwan masu riƙonta ya yi mata fyaɗe, ta yi ciki, sai masu riƙon suka kai ta gidan masu taɓin hankali don rufe abin kunya. Aka ce uwarta doluwa ce, ita ma doluwa ce, aka sa wata ma'aikaciya ta leƙa jaririyarta mai 'yan watanni, ta ce ita ma kamar ba daidai take ba. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta amince a yi mata tiyatar hana haihuwa ko ba ta so. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuri'a uku ta dolaye ta isa haka. Jaririyar nan ta girma ta shiga makaranta, har sunanta ya fito cikin jerin ɗalibai masu ƙoƙari kafin ta rasu tana shekara takwas. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan tiyata a Amurka. Jamus ta Hitler ta kafa tata dokar a 1933, ta yi wa kusan 400,000, daga nan ta koma kashe naƙasassu da iskar guba, sannan aka juya dabarar kan Yahudawa miliyan shida. Likitoci da lauyoyi da farfesoshi ne suka riƙe alƙalamin.

Kafin wannan an gwada hannu a kanmu: kisan da Jamusawa suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904, da hannayen da aka yanke a Kongo ta Sarki Leopold na Beljiyam saboda roba. Kuma tunanin bai tafi da Turawa ba. Sun zo Ruwanda da ƙirƙirarren labarin cewa Tutsi wani jinsi ne mafi daraja da ya zo daga arewa, Beljiyam ta rubuta ƙabila a katin shaidar kowa a shekarun 1930. A 1994, a shingen hanya, wannan katin ake karɓa a duba kafin a ɗaga adda. An kashe mutum kusan 800,000, akasarinsu Tutsi, cikin kwana 100, maƙwabci da maƙwabci, rediyo na kiran waɗanda ake yankawa kyankyasai.

Yanzu ga inda nake tare da kai. Na biyu a wurina shi ne tunanin cewa tarihi yana da wata makoma tabbatacciya da wasu 'yan tsiraru suka gano, don haka duk wanda ya mutu a hanya kuɗin mota ne kawai. Karl Marx, uban aƙidar kwaminisanci, ya ga wahalar ma'aikatan masana'antu da gaske, ba ƙarya ya yi ba. Ɓarnar tana cikin yaƙinin cewa an riga an san ƙarshen labari, saboda wanda ya tabbata haka ba ya sauraron gyara. A Sin, a shirin shugaban kwaminisancin ƙasar, Mao, na 1958, aka sa manoma narka tukwanensu don samar da ƙarfe, jami'ai suka riƙa aika alƙaluman girbi na ƙarya, gwamnati ta karɓi hatsi bisa ƙaryar. Da ministan tsaro Marshal Peng Dehuai ya rubuta wa Mao gaskiya a taron Lushan na 1959, sai aka tuɓe shi. Yunwar ta ci mutane miliyoyi gommai. Haka aka yi a Yukiren a 1932 zuwa 1933, haka a Kambodiya, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a suka halaka tsakanin 1975 da 1979.

To me ya sa ban ba shi na ɗaya ba, alhali gawarwakinsa ba su da kaɗan? Domin wannan yana buƙatar jam'iyya da gwamnati da 'yan sandan ciki, kuma idan suka faɗi yakan faɗi tare da su. Na farkon kuwa ya rayu a ƙarƙashin sarakuna da jamhuriya, da coci da masallaci, da jari-hujja da gurguzu, sama da shekara 2,000. Ko gwamnatocin kwaminisanci ba su iya kisa da yawa ba sai da suka aro shi, suka ce ɗan mai gona babba maƙiyi ne tun daga haihuwa. Kuma ba ya buƙatar karatu: wanda bai taɓa jin sunan Aristotle ba yana iya tashi da shi a kansa game da wata ƙabila ko wasu masu wata sana'a.

Ka kuma tambaya ko ya kamata ɗalibai su daina karanta waɗannan mutanen. A'a, ku karanta su, har da shafukan da malamai ke tsallakewa don kunya. Las Casas da kansa ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka don a sauƙaƙa wa mutanen Amurka, daga baya ya yi nadama ya rubuta cewa bautar da su ma zalunci ne iri ɗaya. Ka nemi muhawarar Valladolid ka karanta ɓangarorin biyu, ka fara da Sepúlveda, don ka ji yadda hujjar ke da daɗin sauraro a bakin mai ilimi.

Wassalam, naka yayanka.