A ciro abin da ke cikin tsofaffin wayoyi kafin a kai su gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ke ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ya jawo wa gidanmu asarar da ba ta da mayarwa. Maganar tsofaffin wayoyin salula masu ƙwaƙwalwa ce, da ƙananan kwamfutocin tafin hannu, irin su Nokia N70 da E71, da BlackBerry, da Palm, waɗanda yanzu suke kwance cikin akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin katifu a gidajen Tawa da ƙauyukan Adar.

Duk wanda ya san Adar ya san da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a ci-rani, ko a Abijan, ko a Libiya, ko a Kano da Legas. Tun daga lokacin da Celtel ta fara aiki a ƙasarmu a 2001, kafin sunanta ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, babu tsarabar da ɗan ci-rani zai sauko da ita wadda ta kai waya daraja. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Abijan a 2007 da Nokia N70, wadda a wancan lokacin har kallonta ake zuwa yi, saboda kyamara biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya. Da damina ta kewayo sai ya zauna da mahaifinmu a bakin gona ya ɗauki muryarsa, tsohon yana lissafa iyakokin gonakinmu ɗaya bayan ɗaya: daga gawon nan zuwa dutsen can, daga bakin ƙorama zuwa inda gonar wane ta fara, wadda aka ba da aro da wadda aka jinginar. Guntu-guntu ya ɗauka, domin wayar ba ta ɗaukar dogon zance a zama guda. Mahaifinmu ya rasu bayan shekara biyu, yayana kuma ya bi shi daga baya, wayar ta shiga akwatin matarsa, kowa ya manta da ita.

Bara aka sami saɓani a kan iyakar ɗaya daga cikin gonakin nan, sai matar yayana ta tuna da muryar tsoho. Aka saya wa wayar sabon batir, aka kunna, ta nuna sunan Nokia a kan farin allo, ta tsaya nan, ba gaba ba baya. Ina makaranta lokacin, sai wani ɗan ƙanena ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ko inda rumfarsa take ba, domin abin da ya yi shi ne abin da mafi yawansu za su yi. Ya zare katin ajiya ya naɗe a takarda, ya danne maɓalli uku lokaci guda, wato koren maɓallin kira da tauraro da lamba 3, ya kunna wayar yana riƙe da su, ya karɓi jika ɗaya ladan aikinsa. Yaron ya dawo gida yana murna waya ta tashi. Ta tashi kam, amma babu komai cikinta, domin dannawar nan share ƙwaƙwalwar waya take yi gaba ɗaya, kuma muryar mahaifinmu a ƙwaƙwalwar wayar take, ba a kati ba. Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne da dare, da na kwance takardar na mayar da katin: nan take wayar ta sake tsayawa a kan farin allon nan. Na zare katin, ta tashi lafiya lau. Ashe tun farko laifin katin ne, kuma da mai gyaran ya gwada kunna ta ba kati kafin ya kai hannu ga maɓallan, da yau muna da muryar.

Wannan ne ya sa nake son masu karatu su san ƴan abubuwan da ake fara dubawa, domin yawancin ciwon waɗannan na'urori ba ya bukatar abin da masu gyara ke kira formate ko filashe, wato share ƙwaƙwalwar waya ko sake zuba mata tsarin aikinta. Abu na farko batir ne. Zafin da muke sha a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da yakan haura digiri 40, yana cinye batir ko da ba a amfani da shi, ɗakin kwano kuwa ya fi waje zafi. A ciro batirin a aza shi bisa tebur a murza shi da yatsa. Idan ya juya kamar katantanwar yara, to ya kumbura, kuma kada a sake sa masa wuta, domin yana iya kamawa. Batirin N70 da na Nokia 6600 iri ɗaya ne, ana kiransa BL-5C, kuma har yau yana nan a kasuwa saboda ƙananan rediyoyi da wayoyi masu araha suna aiki da shi. Na E71 da E63 kuwa BP-4L ne. Wayar da ta shekara goma a kwance takan yi rabin sa'a ko fiye a kan caja ba ta nuna alamar komai ba, saboda haka kada a yi saurin cewa ta mutu. A kuma lura da bakin caja, domin 6600 mai kaurin tsinke take karɓa, N73 da E71 siriri, sannan ramin kebul da ke gefen E71 na kwashe bayanai ne kawai, ba ya cajin batir ko an kwana an jona shi. Ƙarafan da batir ke taɓawa sukan yi dauɗa saboda ƙurar hunturu da gumi, a goge su a hankali da busasshen ƙyalle.

Bayan batir sai kati. Waɗannan wayoyin Nokia suna aiki da tsarin Symbian, kuma mutane sun riƙa cika katunansu da manhajoji da wasanni da ake tura wa juna ta Bluetooth a majalisa da tashar mota. Ta wannan hanya ce cutar waya ta farko, wadda ake kira Cabir, ta yaɗu tun 2004, Commwarrior kuma ta biyo ta a 2005. Manhaja ɗaya da ta lalace a kan kati ta isa ta hana waya tashi, kamar yadda ya faru da mu. Su kansu katunan ba iri ɗaya ba ne: 6600 tana ɗaukar MMC, N70 tana ɗaukar ƙaninsa RS-MMC, N73 miniSD, E71 da N95 kuma microSD. Tsofaffin cikinsu ba sa ganin katin da ya wuce giga 2, saboda haka idan aka sa sabon babban kati waya ta ce ya lalace, ba lalacewa ya yi ba, ita ce ba ta san irinsa ba. Idan kuma ta tambaya ko a yi wa tsohon kati formate, amsar ita ce a'a, a zare shi a kai kwamfuta.

Akwai lambobi biyu da suka yi kama da juna ƙwarai, kuma rikita su ya sa mutane da yawa kuka. Lambar *#7780# tana mayar da saitin waya yadda ya fito daga kamfani, ba ta taɓa hotuna da saƙonni da lambobin mutane. Lambar *#7370# kuwa komai take sharewa, daidai da maɓallan nan uku. Dukansu biyu suna neman lambar sirri, wadda idan mai wayar bai canja ta ba 12345 ce. Ina ganin bai kamata kowa ya danna ta biyun ba sai ya tabbatar babu sauran abin da yake so a ciki. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma wayar da ta ƙi tashi amma kayanta na nan ciki ta fi wadda ta tashi wayam.

BlackBerry ta fi kowacce haɗari ta wannan fuska, domin an ƙera ta ne saboda ma'aikatan ofis masu tsoron a sace musu sirri. Idan aka shigar da kalmar sirri ba daidai ba har sau 10, wayar da kanta take share duk abin da ke cikinta. Na ga magada sun zauna suna ta gwada ranar haihuwa da sunayen ƴaƴa a wayar mamaci, ba su san kowace gwadawa tana kusantar da su ga asara ba. Wayar tana nuna adadin da aka gwada, duk wanda ya ga ya kai 6 ko 7 ya dakata ya nemi wanda ya sani. Haka nan idan mai ita ya kulle katin ajiyarta, za a ga sunayen hotuna suna ƙarewa da .rem, kuma babu kwamfutar da za ta buɗe su sai ta hannun wayar da ta kulle su, don haka share wayar daidai yake da jefa mabuɗi a rijiya. Sauran ciwonta masu sauƙi ne. Idan ta daskare, a zare batir tana kunne a mayar, ta ɗauki mintocinta ta tashi. Ƴar ƙwallon tsakiya ta Curve 8300 da Bold 9000 kuma ƙura ce ke hana ta juyawa, a kife wayar a murza ƙwallon bisa farar takarda mai tsabta.

Kwamfutar tafin hannu kuwa na san ta tun kafin in shiga aikin koyarwa, lokacin da na yi aikin tattara bayanai gida-gida a wani shiri na kiwon lafiya, aka ba kowannenmu Palm da ɗan tsinken rubutu. Palm ta fara fitowa a Amurka a 1996, kuma na farkonta da ƙananan batura biyu suke aiki. Abin da suka ajiye yana nan ne muddin akwai wuta a jikinsu, shi ya sa aka gargaɗe mu cewa idan za mu canja batir kada mu wuce minti ɗaya, kuma kowane dare sai mun aza ta a mazauninta mun danna HotSync domin aikin yini ya koma kwamfuta. Sai daga Treo 650 a 2004, da kuma Windows Mobile 5 a 2005, aka fara samun waɗanda ke riƙe bayanai ko batir ya mutu. Ke nan wanda ya tsinci tsohuwar Palm ko iPAQ ta kafin wannan lokaci kada ya ɓata kuɗinsa wurin mai gyara, abin da ke ƙwaƙwalwarta ya tafi tun ranar da wutarta ta ƙare. Katinta idan tana da shi, da tsohuwar kwamfutar da ake jona ta, su ne wurin nema. Wanda har yanzu yake amfani da ita, idan ya taɓa nan ta amsa can, ya shiga saiti ya sake daidaita allon ta wurin Digitizer, ya kuma sani cewa kalandarta ba ta wuce 31 ga Disamba 2031.

Kwashe kayan ba shi da wuya idan waya ta tashi. Ana zaɓar dukan lambobin mutane a kwafe su zuwa kati, su fito a matsayin fayilolin .vcf waɗanda wayar Android ke karɓa kai tsaye. Wannan ya fi a kwafe su a layin waya, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da lamba 250 kuma yana datse dogayen sunaye. Hotuna da murya da bidiyo suna bin Bluetooth zuwa Android, amma iPhone ba ta karɓar fayil ta wannan hanya. Muryar takan zo da .amr, bidiyon da .3gp, kuma manhajar VLC tana buɗe su duka. Idan ana son sa wata tsohuwar manhaja a E71 ko N73 sai ta ƙi saboda wa'adin shaidarta ya ƙare, a mayar da kwanan watan wayar baya zuwa wajen 2009, a sa ta, sannan a gyara kwanan watan.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa, kuma ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya domin kada a ci kuɗinsu a banza. WhatsApp ta daina aiki a wayoyin Symbian tun 30 ga Yuni 2017, a tsofaffin BlackBerry kuma tun ƙarshen 2017. An rufe BBM, manhajar hira ta BlackBerry, ga jama'a ranar 31 ga Mayu 2019, sannan ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya kashe hidimomin tsofaffin wayoyinsa. Babu filashen da zai dawo da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma E71 mai lafiyayyen batir har gobe tana kira, tana aika saƙo, tana kama rediyo, kuma tana kwana biyu ko uku ba ta nemi caji ba, abin da duk mai zuwa ƙauyen da babu lantarki ya san darajarsa.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda masu wannan sana'a na Yamai da Tawa da Ƙonni za su riƙa bayyana irin waɗannan abubuwa da Hausa, domin abin da aka rubuta a kansu kusan duk da Faransanci ko Ingilishi yake. Su kuma masu gyara, waɗanda da yawansu yaranmu ne da suka koyi aiki da kallo da haƙuri, ina roƙonsu su riƙa tambayar duk wanda ya kawo tsohuwar waya ko akwai abin da yake nema a cikinta, su kuma sa wa kwashe bayanai farashinsa dabam, domin mutane za su biya da daɗin rai.

Saɓanin gonar dai dattawan gari sun sasanta shi, kowa ya haƙura. Katin nan kuma na sami mahaɗinsa na sa shi a kwamfutar makaranta, na kwashe hotunan da ke kansa. A cikinsu akwai guda ɗaya da yayana ya ɗauka a wannan ranar: mahaifinmu zaune a gindin gawon, hauyarsa jingine a gefe, ya ɗaga hannu yana nuna gabas, bakinsa a buɗe yana magana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.