Wasiƙa kan dabbar da ake tambaya ƙarshen sanyi

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni batun dabbar nan da Amurkawa ke fito da ita su ji yaushe sanyi zai tafi. Ga yadda abin yake.

Sunanta groundhog, dangin kurege ce amma ta fi shi girma nesa. Sanyi na kamawa take shiga rami ta yi barcin watanni. Zafin jikinta yakan sauka daga wajen digiri 37 zuwa 5, bugun zuciya daga kamar 80 a minti zuwa 5. Ranar 2 ga Fabrairu da sassafe, a Gobbler's Knob kusa da garin Punxsutawney na jihar Pennsylvania, wasu mutane masu dogayen baƙaƙen huluna sukan ciro wani namiji mai suna Phil daga kututturen itace. In ya ga inuwarsa, sanyi zai ƙara mako 6. In gari ya lumshe babu inuwa, sauƙi ya kusa. Tun 1887 suke taruwa a wurin.

Jamusawa ne suka je da al'adar. A ƙasarsu dabba mai kama da dage suke dubawa ranar bikin kyandir na Kirista, kwana 40 bayan Kirsimeti. A Hungary kuwa beyar ake dubawa.

A ganina abin lurar a sama yake, dabbar shaida ce kawai. A ƙasashen sanyi, sararin sama garau yakan zo da busasshiyar iska mai tsananin sanyi, gajimare kuma ya riƙe ɗumi. Sai dai yanayin safiya ɗaya ba ya faɗin na wata guda da rabi, balle a ƙasa mai faɗin Amurka. Shi ya sa da hukumar NOAA mai lura da yanayi a Amurka ta gwada hasashen Phil da ainihin yanayin, ko rabi bai dace ba.

Shi Phil ma ba barcin daji yake yi ba, a ɗaki mai ɗumi ake kiwonsa a jikin laburaren garin, kuma sanarwar da ake karantawa an riga an rubuta ta. Na daji da ke leƙowa a Fabrairu yawanci maza ne masu neman ramukan mata, su koma su kwanta sai lokacin barbara a Maris.

Ka gaishe min da su Baba da yara.

Naka har kullum.