Roƙon tallafi: kwamfuta da sola don ajin Ibrananci a Garwa

Salama a gare ku iyayenmu da 'yan'uwa cikin Ubangiji, na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere, har da yaranmu da ke aiki can Yawunde da Duwala. Kwamitin makarantar Littafi Mai Tsarki ta ikilisiyarmu ne ke rubuto muku, kuma ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba, taimako muka zo nema. Kwamfuta uku muke so mu saya da sola da batir saboda ajin Ibrananci.

A zaman da muka yi, ɗaya daga cikin dattawa ya ce "to ai yaran nan duk suna da waya, kuma akwai lambobin nan a ciki, me kuma za a yi da kwamfuta?" Tambayar baba tana kan hanya, mun san da yawa cikinku za su yi irinta, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kanta.

Lambobin da ake magana na wani malami ne ɗan Amurka, James Strong, wanda ya fitar da littafinsa a 1890 bisa fassarar Turanci ta King James. Ya bi kalmomin Tsohon Alkawari na Ibrananci da Aramaik ya ba kowace lamba, daga 1 har 8674. Ko ba ka iya harafi ɗaya ba kana danna H430 sai ka ga Elohim, wato Allah, da ayoyin da kalmar ta fito. Gaskiya aiki ne mai albarka, fastocinmu da yawa da shi suka tashi kuma ba mu raina shi ba ko kaɗan.

Amma ga inda matsalar take. Akwai kalmomin da rubutunsu ɗaya ne ma'anarsu kuwa ba ta haɗu ba sam, shi kuma ya zuba su a lamba ɗaya. Ku duba H1254, bara, wadda take a Farawa 1:1 inda Allah ya halicci sama da ƙasa. In ɗalibi ya nemi lambar, cikin ayoyin da za su zubo masa akwai Joshuwa 17:15 inda ake maganar sare kurmi, akwai kuma 1 Sama'ila 2:29 inda Eli da 'ya'yansa ke ƙiba da hadayun jama'a. Haka H2617, hesed, ƙaunar Allah da ake maimaitawa a dukan ayoyi 26 na Zabura 136, ita ce dai lambar da ke Littafin Firistoci 20:17 inda nufin abin kunya ne. Yaro mai zafin wa'azi in ya ga jerin nan ba wanda ya nuna masa bambanci sai ya ɗinke su wuri ɗaya ya hau bagade da su ranar Lahadi a ƙauye, jama'a kuma su karɓa da amin don sun yarda da shi, wannan shi ne abin da ke damunmu ƙwarai. Ƙamus na Brown da Driver da Briggs da ya fito a 1906 ya raba irin kalmomin nan kowace da gurbinta. Sannan akwai wani tsarin lambobi daban na Goodrick da Kohlenberger da aka yi wa wata fassarar Turanci mai suna NIV, in ka kwafo lamba daga littafin da ke bin wancan ka sa a wannan sai ta kai ka wata kalma can.

Abin da muke so shi ne ɗalibi ya iya neman kalmar da kanta, yadda take a ƙamus. Wannan sai da koyo, don a cikin aya kalmar ba ta zuwa tsirara, ana manna mata harafi gaba da baya. Wayyomer, wato "sai ya ce", da ke ko'ina a Farawa asalinta amar ce, in ka rubuta wayyomer yadda ka gan ta, sauran siffofin za su wuce ka. Yaranmu da suka taso suna jin Larabci a unguwa ko a Kusiri suna kamawa da wuri, tunda daga dama ake rubutawa kuma yawancin kalmomi a kan baƙaƙe uku suke tsaye.

A waya abin wahala ne, fuskar ƙarama, ba ka iya buɗe ayar da ƙamus gefe da gefe, ga kuɗin data. Manhajar kuwa ba sai mun saya ba, STEP Bible ta cibiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Tyndale House a Kambirij ta Ingila kyauta ce, ana saukar da ita a kwamfuta ta yi aiki ba intanet, kuma ta ƙara haruffa bayan lambobin don raba irin su bara. Injin ne kawai ba mu da shi. Yanzu kwamfutar malam ɗaya ce ake zagayawa da ita, ɗalibai su taru a bayansa suna leƙe, in wuta ta ɗauke a zafin watan Maris da Afrilu darasi ya ƙare ke nan.

Mun ƙiyasta sefa dubu 900 za ta ishe mu duka har da kuɗin mai haɗa solar. Iyayenmu mata na zumunta, mun san ƙoƙarinku, ko jaka ɗaya ce ku kawo. Manoma in buhun masara ko gyaɗa ya fi muku sauƙi za mu karɓa mu sayar. Wanda ke da tsohuwar laftof a ajiye tana aiki, don Allah kada ya ji kunyar kawowa, manhajar ba ta buƙatar sabuwa.

Ana iya ba ma'aji hannu da hannu bayan sujada, zai rubuta rasit nan take. Na nesa ku tambayi fasto lambar Orange Money ko MoMo ta kwamiti, kada ku tura ta lambar wani daban. Ƙarshen kowane wata za mu karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban ikilisiya, kuma muna so a gama sayayya kafin sababbin ɗalibai su shigo a watan Satumba.

Ubangiji ya sāka muku da alheri.
Kwamitin makaranta