Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Da Ke Maleshiya

Unguwar Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da karatu. Mu nan alhamdu lillahi. Hunturu ya kama sosai, da safe hazo kan rufe gari har ba ka hango hasumiyar Gobarau sai ka matso kusa. Na leƙa wajen su Hajiya ranar Juma'a, tana nan garau, ta ce in gaya maka addu'arta na tare da kai.

Saƙonka ya same ni jiya bayan la'asar, kuma ka ga ban bari ya kwana biyu ba. Na karanta kukan da ka yi, cewa sau uku kana tura imel wurin aikinku na nan gida kan takardar ƙarin wa'adin hutun karatu, mako biyar ke nan babu wanda ya ce maka ko "mun gani". Wallahi abin ya taɓa ni, domin ni ma na taɓa zama mutumin da ke ɗaya ɓangaren, wanda ake jira ya yi shiru. Ban taɓa ba ka labarin ba.

Shekarar da ka tafi, wani tsohon ɗalibina, ɗan wani ƙauye ta wajen Jibiya, ya nemi tallafin karatu a ƙasar waje, ya sa sunana cikin waɗanda za su ba da shaida a kansa. Imel ɗin ya shigo ina tsaye a bakin masallaci bayan Magariba. Na buɗe, na karanta, na ce sai na zauna a natse tukuna, tunda yaron ya cancanci a rubuta masa abu mai kyau. Na mayar da waya aljihu. Washegari wasu saƙonni suka hau kansa, ya nutse. Yaron kuwa kunya ta hana shi tuna mini, ka san tarbiyyar yaranmu, ba ya son a ce ya matsa wa malaminsa. Ranar da na tuna, na tarar an rufe karɓa da kwana biyu. Da ya zo gaishe ni ya durƙusa ya ce, "Malam, ba komai, ba rabona ba ne." Na san rabo na Allah ne, amma na san kuma ta hannuna ƙofar ta rufu. Har yau in na gan shi a shagon da yake cajin waya a kasuwa, sai na ji wani nauyi a ƙirjina.

Tun daga lokacin nake tunanin me ya sa mu, da ba ma iya wuce mutum a hanya ba mu amsa sallamarsa ba, muke iya barin saƙo wata guda babu amsa. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 86, idan an gaishe mu mu mayar da mafi kyau ko mu mayar da irinta. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, cewa yana ganin amsa wasiƙa hakki ne kamar amsa sallama. A zamanin da ake kai wasiƙa a kan raƙumi ya faɗi haka. Ka tuna lokacin da muke makarantar kwana, yadda muke lallaɓa kan sarki mu manna a ambulan, mu rubuta "amsa maza-maza" a ƙasan takarda, sannan mu yi ta zarya wajen akwatin gidan waya? Wasiƙa ta yi mako biyu a hanya, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, a daren da ta iso yake sa a kunna fitila a rubuta amsa, da asuba a kai tasha a ba direba.

Abin da na lura shi ne, imel ba shi da mai shaida. A WhatsApp, tun 2014 da suka kawo shuɗiyar alamar nan mai nuna an karanta, mutum yana jin kunyar a ga ya buɗe bai tanka ba, sai ya amsa ko da "to" ne. Imel kuwa ka buɗe ka rufe, daga kai sai Mahaliccinka. Shi ya sa nake ganinsa amana tsantsa. Mu kuma muka ɗauke shi wurin karɓar lambar rajista kawai: yawancin matasanmu sun buɗe Gmail ne don wayar Android ta nema, ko don cike takardar jarrabawa, ba su sake leƙawa ba. Alhali abin ya girme su, tun 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya tura imel na farko tsakanin kwamfutoci a Amurka, kuma har gobe duk wata magana mai nauyi ta aiki ko karatu ko kwangila ta nan take bi.

Ga ka'idar da na ɗora wa kaina. Saƙon da aka turo mini ni kaina ba ya wuce kwana ɗaya, in ya yi tsanani biyu, ban ce wani abu ba. Ba lallai cikakkiyar amsa ba. "Na gani, in sha Allah zan ba ka amsa ranar Alhamis" bai kai minti ɗaya ba, amma yana sauke wa mutum dutse daga kai. Sai dai in ka ambaci Alhamis, to Alhamis ɗin ce, alkawari kaya ne. Wanda ya fi mana wuya shi ne cewa a'a. Mukan ɓuya a bayan "shiru ma magana ce", muna ganin mun rufa wa mutum asiri. Ni ban yarda ba. Da na ce wa yaron nan a ranar farko ba zan samu dama ba, da ya nemi wani malamin, da wataƙila yanzu yana can kusa da kai. Ƙin amsawa da wuri ya fi ƙin yi ciwo.

Wuri ɗaya nake jinkirtawa da gangan: in saƙo ya ɓata mini rai. Wannan nakan rubuta amsar in ajiye, in yi barci a kanta, da safe in sake karantawa. Sau da yawa rabin ta nake gogewa.

Ba na musun uzurinmu. Wuta kan ɗauke kwana da kwanaki, data ta ƙare, wani saƙon kuma ya faɗa akwatin tarkace ba ka sani ba, don haka nake leƙa can duk Juma'a. In zan yi tafiya mai nisa, kamar lokacin da na je Umara, nakan saita amsar da ke fita da kanta, mai faɗin ranar dawowata da wanda za a nema a madadina.

Kai ma akwai gyara a naka ɓangaren, kada ka ji haushina. Kuna gabanmu da awa bakwai, kuma a jihar Kedah inda kake hutunku Juma'a da Asabar ne, mu Asabar da Lahadi. Saƙon da ka tura da safiyar Lahadinku, a nan tsakar dare ne ana hutu, kafin Litinin ya nutse. Ka riƙa turawa da yammacin Litinin ko Talata, ya same su suna shiga ofis. Sannan ka sa buƙatarka da ranar da wa'adi zai cika a kan maganar tun daga sama, gaisuwar ta zama layi biyu. Na ga kwafin da ka turo mini, sai a sakin layi na huɗu na gane abin da kake nema.

Gobe da safe in sha Allah zan buga takardar in kai ofishin da ƙafata, in zauna har sai na ga wanda za ta bi ta hannunsa. Duk abin da aka ce mini, ko da "dawo jibi" ne, za ka ji daga gare ni kafin ka kwanta. Ka turo mini lambar fayil ɗinka a daren nan.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Kilishin da yajin da ka ce a aiko, Hajiya ta haɗa, muna jiran mai tahowa.

Wassalam,
Naka amini, daga Katsina