Abin da ke da mai saye ba ya kwana a bola

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ce wani abu kan shara. Duk shekara idan damina ta kama, kwatoci suka toshe a Kano, ruwa ya shiga gidaje, magana ɗaya ake maimaitawa a rediyo: mutanenmu ƙazamai ne, a wayar musu da kai. Ni dai ban yarda nan gizo ke saƙar ba.

Duk wanda ya tsaya bakin bola na rabin awa zai ga abin da nake nufi. Ƙarfe ba ya kwana. Gwangwanin lemo, tsohon silifas, fasasshen bokiti, guntun wayar lantarki, kafin azahar yaran jari-bola sun tsince, an ɗora a sikeli, an biya su. Alminiyam ya koma tukunya a hannun maƙera, gorar ruwa ta koma wajen masu zoɓo da kunun aya. Abin da ke saura shi ne baƙar leda, ledar fiya-wata, kunzugun jarirai na zamani da farar robar zuba abinci ta gidan biki. Waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa iska ke yawo da su har su faɗa rafin Jakara. Mutanen da ake kira ƙazamai su ne ba sa barin ƙusa ɗaya a ƙasa.

Mahaifina manomi ne a wajen gari. Ina yaro, da rani jakai kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da shara. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka naɗe goro, duk abincin ƙasa ne, har roƙonta ake yi. Yau ma manoma na sayen sharar birni a mota, amma sai an zauna an tsince leda da kwalba da batir kafin a baza, kuma ba a tsincewa duka. Bara tunkiyata ta rame ta daina kiwo. Da aka yanka, dunƙulen leda aka ciro daga tumbinta, ya kai girman kan yaro. Ka tambayi kowane mahauci, zai ce maka wannan ba sabon abu ba ne.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Gidan da ke sayen katan-katan na ruwan roba da lemo ya fi gidan mai dako tara shara nesa ba kusa ba, amma ba a ƙofarsa juji yake ba. Almajiri ko mai kura ake ba naira kaɗan ya kwashe, ya kai unguwar da ba ta da mai faɗa a ji. Can ake ƙona ta, can yara ke tari. Wanda kuma ya rage mana wannan kaya, ɗan jari-bola, shi muke kora muna kira ɓarawo. Ban ce babu ɓata-gari masu cire murfin kwalbati a cikinsu ba, a hukunta su. Amma sauran da ke tona allura da hannu ba safar hannu, wa ya taɓa yi musu rajista?

Na san za a ce a hana leda kawai. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana farar robar abinci a 2024. Nijar ma ta yi dokar tun 2014, amma wanda ya je Maraɗi ya ga leda a kan ƙaya. Mai ƙosai ba za ta bar leda ba sai an ba ta abin da ya yi arha kamarta.

Roƙona ga hukumar kwashe shara ta jihar Kano (REMASAB) da majalisar dokokin jiha: a sa kamfanonin fiya-wata da na leda su riƙa sayen fankon kayansu a kilo, a farashin da zai sa yaro ya sunkuya ya ɗauka, a kafa sikeli a kowace mazaɓa. A ba masu tsinta katin shaida da takalmin roba. Ku kuma 'yan jarida, idan za ku je ɗaukar hoton bola, ku tambayi wanda ke cikinta nawa ake sayen kilon leda yau.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano